Bakin Mma Napari

"Ba zan bayar ba," in ji Tiyumba.

Ta tura katin ta ƙaramar tagar ɗakin magani, ya koma gaban Masta Neindoo. Shi ne babba a asibitin garin, shekara ashirin da shida ke nan. A takarda mataimakin likita ne, amma a bakin mutane Dakta ne, kuma bai saba katin da ya rubuta ya dawo masa ba.

"Ban ji ki ba."

"Na ce ba zan bayar ba, Masta. Ka rubuta biyu-biyu sau uku a rana. Ko ɓarin ƙwaya ba zan ba ta ba."

Matan da ke kan benci suna jiran magani suka daina hira. Masta Neindoo ya dube su, ya zagayo ta ƙofa, ya shigo ya tura ta da ƙafa.

"Madam Kumasi," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. Sunan da ya laƙaba mata ke nan tun ranar da ta dawo daga makarantar harhaɗa magunguna. "Kin duba sunan da ke kan katin kuwa? Gwaggonki ce. Matar da ta goya ki."

"Na san sunanta."

"To kin san ran Juma'a za a zauna a kanta a ƙofar Naa, sarkin garin nan. Yau Litinin. In ta fara sha yau, kafin Juma'a bakin nan ya lafa. Dattawa su dube ta, su ga tsohuwa zaune shiru kamar kowace tsohuwa, a raba goro, kowa ya kama gabansa. Kwana biyar kawai. Littafin naki ma ai kwana biyar ya ce."

"Kwana biyar ya ce ga wanda bai taɓa sha ba. Ita wata goma sha huɗu ta yi tana sha. Ga shi nan, sa hannunka ne a kowane shafi."

Bai dubi katin ba.

"In kana so ka taimake ta," ta ce, "ka rubuta wa Naa takarda. Layi uku ya isa. Ka ce maganin amai da aka daɗe ana ba ta shi ya taɓa mata baki. Ka buga hatimi. Kai suna jin maganarka."

"Wato in rubuta da hannuna cewa ni na lalata bakin tsohuwa, saura shekara biyu in yi ritaya. Ke yarinya, ni na yi miki rigakafin ƙyanda fa, kina tsala ihu kina fitsari a cinyar gwaggon nan taki."

"An gaya mini. Amma makullin kabad ɗin nan ni aka ba."

"Wanda ya ba ki yana iya karɓa."

Ya ɗauki katinsa ya fita. Tiyumba ta buɗe taga ta kira mai bi. 

Tana da shekara huɗu mahaifinta ya kai ta gidan yayarsa, kamar yadda ake yi, gwaggo ke rainon 'yar ɗan'uwanta. Gwaggonnin wasu tallar koko suke ɗora wa yaran da aka ba su. Mma Napari kuwa ta sa tata a makaranta. Da kaɗanyar da take tsinta a daji ta yi wannan aiki, ta dafa, ta shanya, ta daka, ta tace man, shekara bayan shekara, har Tiyumba ta je Kumasi ta dawo da takarda mai zanen zinariya a gefe. An ba ta aiki a Tamale ta ƙi, ta roƙa a turo ta gida.

Tana can makaranta ciwon suga ya kama tsohuwar, ya kashe mata ƙarfin ciki. In ta ci tuwo sai ya zauna bai gaba bai baya, can sai amai. Masta Neindoo ya ba ta wata 'yar farar ƙwaya, a jikin kwalinta an rubuta metoclopramide. Magani ne mai kyau, Tiyumba ba ta taɓa musun wannan ba. Yana tura ciki ya sauke abin da ke cikinsa, kuma yana shiga ƙwaƙwalwa ya toshe ƙofar da saƙon amai ke bi. Amai ya tsaya, tsohuwa ta sa albarka. Duk ƙarshen wata sai ta koma, Masta ya sake rubutawa ba tare da ya ɗaga kai ba.

Sai dai irin wannan ƙofa ita ce kuma saƙon motsin fuska da harshe ke bi. In an toshe ta kwana kaɗan babu laifi. In aka toshe ta wata da watanni, ƙwaƙwalwa sai ta ƙara jin saƙon fiye da kima, raɗa ta zamar mata ihu, leɓe da harshe da muƙamuƙi su kama motsi ba da izinin mai su ba. Tsofaffi ya fi kamawa, mata sun fi maza, masu suga sun fi kowa. Abin da ya fi muni shi ne, maganin da ya yi ɓarnar shi ke lulluɓe ta. In ka janye shi sai ta fito fili. In ka ƙara shi sai ta lafa na wani lokaci, tana ci gaba a ƙarƙashi.

Tiyumba ta dawo ta tarar gwaggonta tana ɗan tsotsar leɓe, ta zaci goro ne. Ranar da ta ga gwangwanin ƙwayoyin a cikin kwanon ajiya, ta lissafa watanni, nan take ta kwashe su. Kwana goma bayan haka baki ya ɓalle. Muƙamuƙi na tauna, harshe na leƙowa ya koma, leɓe na tsuke, daga wayewar gari har barci ya ɗauke ta.

A cikin makon nan ne Ziblim, ɗan ƙanen marigayi mijin tsohuwar, manomin doya da ya yi wata uku yana ramewa, ya ce ya yi mafarki Mma Napari na bin sa da wuƙa. Da safe matan gidansu suka zo gaisuwa da niyyar gani da ido. Suka same ta zaune tana tauna, babu komai a bakinta.

Da la'asar Tiyumba ta taso daga aiki ta sami gwaggonta a ƙarƙashin rumfa tana tsince kaɗanya. Wumbei, ɗan tsohuwar tilo, yana tsugune kusa da ita. Ya ajiye ɗan ambulan a kan tabarma da kofin ruwa.

"Ga malamar ta iso," ya ce. "Dakta ya gaya mini abin da kika yi masa a gaban mutane. To kemis na kasuwa ba shi da digiri. Can na sayo, ƙwaya talatin ne, na ƙirga. Amma ta ce ba za ta sha ba sai kin zo."

"Sannu da gida, Gwaggo."

"Sannu, 'yar boko." Maganar na fita a tauye, harshe na tare mata hanya. "Yayanki ya ce wai in na sha wannan bakina zai yi shiru. Shekara sittin ina ce wa bakin nan ya yi shiru bai ji ba. Ubansa ma ya yi ta fama."

Babu wanda ya yi dariya sai ita.

Tiyumba ta cire takalmi ta zauna. Mma Napari ta ture kwandon gefe.

"Gaya mini gaskiya. In na sha, zai tsaya ran Juma'a?"

"Zai ragu. Wataƙila ya ragu sosai."

"Kin ji ko, Mma," in ji Wumbei. "Da bakinta ta faɗa."

"Bari ta gama," in ji tsohuwar. "Bayan Juma'a fa?"

"Bayan Juma'a akwai Asabar, Gwaggo. Za su riƙa kallon bakinki kullum, a rijiya, a kasuwa, a gidan biki. Ranar da kika daina sha zai dawo ya fi na yanzu. Ke nan ba za ki daina ba. Biyu za su daina isa, sai uku. Wata rana ko nawa kika sha ba zai rufe shi ba, kuma a ranar ba baki kaɗai ba ne. Jiya sau nawa koko ya sarƙe ki?"

Tsohuwa ta kau da kai, Tiyumba ta ci gaba.

"Sau uku, ina ƙirgawa. Ya fara sauka maƙogwaro. In ya kama wurin haɗiya da numfashi, babu abin da zan iya yi miki, ni ko wani."

"In ban sha ba fa, zai tafi?"

Nan ne Tiyumba ta so ta yi ƙarya. Ta ji ƙaryar ta taso har bakinta, mai sauƙi, mai daɗi.

"Wasu yana barinsu bayan watanni. Da yawa ba ya barinsu. Tsofaffi su ne ya fi riƙewa."

Wumbei ya miƙe tsaye.

"Ke kin ji kanki kuwa? In ta sha wataƙila, in ba ta sha ba wataƙila. To ni ga abin da babu wataƙila a cikinsa. In dattawa suka ga bakin nan ran Juma'a, wurin tindana mai tsafin ƙasa za su tura ta. Wace tsohuwa kika taɓa gani ta je can ta dawo? Faɗa mini sunan ɗaya."

"Zan yi musu bayani, Yaya."

"Da wane yare? Na Kumasi?"

"Da namu. Ba jakuna ba ne. Abu ne da ke rubuce, zan kai musu takardar da ke cikin kwalin."

"Takarda." Ya dubi uwarsa. "Mma, wannan girman kai ne kawai. So take ta nuna wa Dakta ta fi shi karatu, da ke za ta nuna."

Maganar ta soki Tiyumba, domin ba duka ce ƙarya ba. 

Mma Napari ta ɗauki ambulan ɗin, ta jujjuya shi, ta kama hannun Tiyumba ta danƙa mata.

"Ni ban san abin da ke cikin ƙwaya ba. Don a sani na yi ta tsintar kaɗanya har bayana ya ranƙwafa. Abin da kika ba ni da hannunki shi zan haɗiya. Wanda kika hana ni ba zan nema a bayanki ba."

Ambulan ɗin ba shi da nauyi ko kaɗan. Tiyumba ta dubi kofin ruwan, ta dubi bakin da ke ta aikinsa. Ta buɗe jakarta ta saka ambulan a ciki, ta ja zif.

"Allah ya isa," in ji Wumbei a hankali, ya fita.

Ran Juma'a da hantsi aka taru a ƙarƙashin bishiyar ƙofar fada. Naa na zaune a kan buzayensa, dattawa a gefe, Wulana mai magana da yawunsa a gaba. An ɗauko Ziblim a tabarma an jingina shi da bango. Wuyansa ya zama kamar kara, cikinsa ya kumbura. Masta Neindoo ma ya zo, an ba shi kujerar roba.

Aka zaunar da Mma Napari a tsakiya. Tiyumba ta san tsoro na ƙara abin, ta kwana biyu tana koya mata ta riƙa jan numfashi a hankali. Bai yi amfani ba. Da idanu suka yi mata yawa, muƙamuƙin ya kama aiki kamar na akuya, harshe na fitowa yana lasar leɓe. Wata mata ta ja ɗiyarta ta ɓoye a bayan zane.

Ziblim ya ba da labarin mafarkinsa da ƙyar. Aka ce ko akwai mai magana a ɓangaren tsohuwa. Wumbei ya sunkuyar da kai. Tiyumba ta matso, ta durƙusa, ta gaida Naa da dattawa ɗaya bayan ɗaya, yadda gwaggonta ta koya mata. Sannan ta warware takardar cikin kwali, siririya mai ƙananan rubutu, ta yi bayani. Ta yi maganar ƙofa da saƙo, da kwana biyar da wata goma sha huɗu. Ba ta yi sauri ba, ba ta sa Turanci ba. Da ta gama ta san ta yi shi da kyau.

Wulana ya gyara zama. Tsoho ne mai sanyin murya, bai taɓa yi mata kallon raini ba.

"'Yata, mun ji, kuma karatunki ya fito. Ina da 'yan tambayoyi, don ni ban je makaranta ba. Ƙwayar nan fara ce ƙarama, mai tsaga a tsakiya?"

"Ita ce, Mba," ta ce, wato baba a yarensu.

"Na sha ta bara da cikina ya juya. Ga bakina."

Aka ɗan yi dariya.

"Kai kwana uku ka sha, Mba. Ita fiye da shekara."

"To. Kin ce ke kika hana ta sha. Yau kwana nawa?"

"Mako huɗu."

"Da kika hana, bakin ya ragu ko ya ƙaru?"

"Ya ƙaru. Amma haka yake yi, domin maganin ne ke rufe..."

"Tsaya, 'yata, a hankali. Tana shan magani baki na lafiya. An cire magani baki ya tashi. Ke kuma kin ce magani ne ya kawo shi. In wuta ce ke ƙona ni, na janye hannu, sai ƙunar ta ƙaru?"

"Ba kamar wuta ba ne, Mba. Ku dube ta in tana barci da rana, bakin cak yake tsayawa. Wannan alama ce da likitoci suka sani."

Wani dattijo ya yi gyaran murya.

"Mu ma mun san alamar. In suna barci ai ba sa nan, sun fita. In sun dawo ne suke tauna abin da suka kamo."

Tiyumba ta juya ta nuna Ziblim.

"Ku dubi idonsa, ya yi rawaya. Ku dubi cikinsa. Wannan ba mafarki ba ne, hantarsa ce ta lalace. Ku kai shi Tamale gobe, ko yau ma."



"Hanta kika ce?" in ji Wulana.

"Hanta."

Uwar Ziblim ta ɗora hannu a ka ta fara kuka. Guna-guni ya bi taron daga gaba har baya. Ko yaron goye a garin ya san abin da mayya ke fara ci a jikin mutum, Tiyumba ma ta sani tun tana ƙarama. Shekara huɗu a Kumasi suka mantar da ita, sai yanzu ta tuna.

Naa ya yi magana ƙasa-ƙasa, Wulana ya ɗaga ta.

"Dakta, kai ka daɗe da mu. Abin da yarinyar nan ta faɗa, haka ne?"

Masta Neindoo ya miƙe, ya cire tabarau ya goge.

"Na ba mutane wannan magani sun fi dubu a garin nan. Ban taɓa ganin wanda bakinsa ya yi haka ba."

Ya zauna. Bai yi ƙarya ba, Tiyumba ta san wannan.

Naa ya yanke cewa shi ba zai kira kowa mayya ba, abin da ido bai gani ba sai a kai wa mai gani. A kai ta wurin tindana kafin rana ta faɗi.

A babur mai ƙafa uku suka tafi, ita da gwaggonta da Wumbei da ƙanen Ziblim a matsayin shaida, da kaza a ɗaure. Tafiyar awa biyu ce a kan hanya mai ramuka. Mma Napari ta yi amai sau biyu. Duk lokacin Wumbei sai ya dubi jakar Tiyumba.

Tindana, mai tsafin ƙasa, gajeren mutum ne da riga mai datti, ya ga irin wannan tafiya ba adadi. Ya sa tsohuwa ta dafa kazar ta faɗi abin da ake zarginta da shi. Ya yanka ya jefa a gaban dutsen. Kowa ya san ƙa'ida: in ta mutu rub-da-ciki an kama mai laifi, in ta mutu rigingine an wanke shi. Tiyumba ba ta yarda da kaza ba, ta sha faɗa a ɗakin kwanan makaranta. Amma sai ta sami kanta tana bin kowane tsalle da ido, tana addu'a.

Kazar ta yi ta bugun ƙasa, ta wuntsila, ta kwanta rigingine, ƙafafu a sama.

Wumbei ya durƙushe ya rufe fuska. Tiyumba ta rungume gwaggonta. Ƙanen Ziblim ya tofar da yawu, ya ce shi dai yayansa na can kwance, kuma ga baki nan yana ci har yanzu.

Tindana ya wanke hannu, ya daɗe yana kallon tsohuwar.

"A wurina ba ta da laifi," ya ce. "Amma ni nan nake zaune, ba a garinku ba. Duk wanda ya ga bakin nan da safe ba zai tuna da kaza ba. In maras lafiyar nan ya mutu tana gida, wa zai tsaya a ƙofarta? Kai?"

Wumbei bai ce shi ba ne.

"Ku bar ta a nan. Akwai ɗaki, mai shi ta rasu da damina. In bakin ya lafa ku zo ku ɗauki abarku."

A bayan gidan tindana akwai bukkoki kamar arba'in, ƙanana, jinkarsu ta yi baƙi. Tsofaffin mata suka fito suna kallo, ba mamaki a fuskarsu. Ɗaya ta kawo tsintsiya.

Bisa al'ada jika ake turowa ta zauna da tsohuwar da aka kawo, ta ɗebo mata ruwa da itace. Matar Wumbei ta ce 'yarta ba za ta taka wurin ba. Tiyumba ta nemi hutun mako biyu. Kafin ya ƙare takarda ta zo daga ofishin lafiya, an ce saboda ƙin bin umarnin na gaba an mayar da ita wani asibiti a bakin teku, ta bayyana cikin kwana bakwai. Mai suga da ke amai ba a barinta kwana bakwai ita kaɗai, balle shekara. Ba ta je ba. Wata biyu bayan haka aka cire sunanta.

Ziblim ya rasu kwana arba'in da tafiyarsu, ba a kai shi Tamale ba. A garin aka ce ai dama ta gama cinye shi kafin ta tafi. Aka kware jinkar ɗakinta. Wumbei yakan aiko da buhun masara ta hannun direba, shi bai sake zuwa ba, in Tiyumba ta kira wayarsa sai ta yi ta ringi har ta tsinke.

Ta koyi ciyar da gwaggonta ba tare da ƙwayar ba. Loma kaɗan-kaɗan sau shida a rana, tuwo mai ruwa-ruwa, babu mai da yawa, citta a ruwan zafi, kuma kada ta kwanta sai abinci ya sauka. Amai ya ragu amma bai tafi ba. Ta rubuta wa wani malaminta a Kumasi, ya amsa cewa akwai maganin da ke rage irin wannan motsi a ƙasashen waje, shi kansa a littafi ya san shi. Sauran tsofaffin suka fara kawo mata ƙulle-ƙullen magungunansu ta duba, suna kiranta Dakta, suna biyanta da gyaɗa da kuɓewa busasshiya. Takardarta mai zanen zinariya tana cikin leda a ƙarƙashin tabarma, saboda gara.

Kowace safiya takan zaunar da tsohuwar a bakin ƙofa, ta dubi agogo, ta ƙirga sau nawa muƙamuƙin zai motsa a minti ɗaya, ta rubuta. Ranar farko arba'in da ɗaya ne. A wata na uku talatin da shida. A wata na tara talatin da biyar, wata rana da bakwai. Koko ya daina sarƙe ta, wannan kam ya daina. Ko hanawar ce ta yi shi, ko dama zai daina, babu wanda zai iya gaya mata.

Kaɗanya ta sake zuba. Wata safiya tana cikin ƙirga, Mma Napari ta ce, "Nawa yau, 'yar boko?"

"Talatin da shida."

"Jiya fa?"

"Talatin da biyar."

"Ashe ya samu ƙarin girma." Ta yi 'yar dariya, ta goge yawu da bakin zane. "Ƙwayoyin yayanki suna nan?"

"Suna nan."

"Ba cewa na yi ki ba ni ba. Tambaya nake. Da na sha a ranar, da yanzu ina ɗakina?"

Tiyumba ta rufe littafin. Ta daɗe da shirya amsoshi masu laushi domin wannan rana, ta bar su duka.

"Da kina ɗakinki, Gwaggo. Wataƙila har wannan damina, wataƙila har ta gaba. Bayan nan ban sani ba."

"Damina biyu," in ji tsohuwar. Ta dubi hanyar da babur ke bi. "Da yawa ne fa, ga mai shekaruna."

"Na sani."

"In aka mayar da ke ranar, za ki ba ni?"

"A'a."

Mma Napari ta gyaɗa kai, ta jawo kwandon kaɗanya gabanta ta fara tsincewa.

Tiyumba ta ɗauki tulu ta nufi rafi. Ƙwaya talatin ta hana, suna nan cikin ambulan a jakarta, ko ɗaya ba ta ragu ba. A kansu gwaggonta ta rasa ɗakinta da garinta da ganin ɗanta, kuma a nan za a binne ta cikin waɗanda ake kira mayu. Ita ta rasa aikinta da yayanta, da takardar da aka yi shekara ashirin ana tsintar kaɗanya dominta. Bakin kuwa bai tsaya ba.